Yadda Ake Wasa Askar Sitenles a Dutse da Fata Har Ta Daina Jan Gashi

Askar da take jan gashi har mai aski yana yamutsa fuska, ba ƙarin kumfa take nema ba, bakinta ne bai haɗu ba, wato gefunansa biyu ba su gamu sun zama kaifi ɗaya ba. Wanzamai da yawa a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 sun gaji washin askar maƙera, wadda ƙarfenta ke karɓar dutse nan take. Ranar da askar sitenles mai naɗewa ta shigo hannu, irin ta Solingen ta Jamus da ake tsinta a kayan gwanjo ko a yi odarta ta intanet, sai a tarar washin da aka saba bai kama ta ba. Daga nan hannu ya shiga ƙara dannawa, dannawar kuwa ita ke ƙarasa ɓata bakin. Wannan ƙarfe yawan sawu, wato zuwa da dawowa a kan dutse, yake so da hannu mara nauyi, kuma mafi yawan aikinsa a dutsen farko yake ƙarewa.

Abin da ya sa take gardama

Sitenles ƙarfe ne da aka zuba wa kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wanda ake yin aska da shi yakan kai kashi 13, da kabon wajen kashi 0.6 zuwa 0.7. Harry Brearley ne ya fito da irinsa a Sheffield ta Ingila a 1913, kuma tun lokacin an san halinsa: kuromiyam ɗin da ke tsare shi daga tsatsa shi ne yake haɗuwa da kabon su zama ƙananan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen, waɗanda dutse ba ya cin su da wuri. Shi ya sa inda askar baƙin ƙarfe za ta gama a sawu arba'in, ta sitenles tana iya neman sittin ko fiye.

Halinsa na biyu ya fi ɓata wa mai washi lokaci. In baki ya yi siriri sosai, sitenles ba ya saurin karyewa ya faɗi, lanƙwashewa yake yi. Sai ya zama wani siririn leɓe da ke kwantawa dama in ka wasa hagu, ya koma hagu in ka wasa dama. Leɓen nan yana iya yanke gashin hannu sau ɗaya ya ruɗe ka, amma da ya gamu da gemu sai ya naɗe. Dannawa ita ke haifar da shi.

Ka duba wuyan askar, inda ake buga hatimin maƙera. In ka ga Inox, ko Rostfrei, ko Friodur na kamfanin Henckels, sitenles ce. Akwai kuma askake masu ƙyalli da araha waɗanda ba a ba ƙarfensu tauri yadda ya kamata ba. Aska ta kirki taurinta yana wajen 58 zuwa 61 a ma'aunin Rockwell. Wadda ta gaza haka za ta yi kaifi a dutse, ta zube kafin a gama kunci ɗaya. Irin wannan sai dai a koyi hannu da ita, kada a ɗora ta a fuskar mutum.

Sassan da za a riƙa ambata su ne baki, gadon baya, tsini, dunduniya, wato ƙarshen baki na kusa da mariƙi, sai wuya inda yatsu ke kamawa. Gadon bayan nan ba ado ba ne. Maƙerin ya auna kaurinsa da faɗin askar: mai faɗin milimita 16 takan zo da gadon baya na wajen milimita 4.5, wanda in an kwantar da ita a dutse yake ba baki kusurwar digiri 16 ko kusa da haka. Wuƙar girki tana ninka wannan. Don haka ba a ɗaga gadon bayan aska daga dutse yadda ake ɗaga na wuƙa. Baki da gadon baya tare suke taɓa dutse daga farkon washi har ƙarshensa.

Kayan da za a tanada

Dutsen washi yana da lamba, kuma in lambar ta hau, ƙwayarsa ta ƙara laushi. Uku ne na dole: lamba 1000 na kafa baki, na tsakiya mai lamba 3000 zuwa 5000, sai lamba 8000 na gogewa. Mai hali ya ƙara 12000. Duwatsun ruwa na Japan irin su Naniwa, Shapton da King sun dace da sitenles saboda suna cin ƙarfe da sauri, haka Norton na Amurka mai fuska biyu, 4000 da 8000. Akwai dutsen halitta mai ruwan ɗorawa daga yankin Ardennes na Beljiyam da ke ba da baki mai laushi a fata, amma yana son gwanin hannu, kuma yana jinkiri a wannan ƙarfe. A nemi dutse mai faɗin santimita 7 da tsawon 20, don askar ta zauna daram.

Dutsen toka-toka mai fuska biyu da ake sayarwa a kasuwa, irin wanda mahautan Oko-Oba ke wasa wuƙa da shi, ƙwayarsa ta yi wa aska kaushi nesa ba kusa ba. Sawu kaɗan a kansa ya isa ya mayar da baki zarto. Masu injin washi kuma kada a kusance su da aska, zafin injin yana ƙone siririn baki ya kashe taurinsa. A yi hattara da duwatsu marasa suna da ake buga wa 3000 da 8000 a jiki; sau da yawa lambar a kwali kawai take.

Sauran kaya ba su da wuyar samu a Legas: gutsuren tayil ɗin giranait ko gilashi mai kauri, wanda masu kayan gini a Orile da Coker ba sa rasa ragowarsa, sanfefar ruwa lamba 220 da 400 da 600 daga masu kayan fentin mota, baƙin salatif na masu aikin wuta, alƙalamin maka, fensir, ƙaramin madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya a Computer Village ta Ikeja, mai ninki 30 zuwa 60, sai fata, wadda za a zo maganarta.

Mataki na farko: daidaita dutse

Ko sabon dutse daga kwali ba lallai ya zama lebur ba, wanda aka yi aiki da shi kuwa tsakiyarsa takan yi kwari. Dutse mai kwari ba zai taɓa ba ka miƙaƙƙen baki ba. Ka ja layuka da fensir a fuskarsa, tsaye da kwance. Ka jiƙa sanfefa lamba 220 ka shimfiɗa a tayil, ka kifa dutsen a kai, ka yi ta murzawa kana zagayawa, kana juya shi lokaci-lokaci, har layukan su ɓace gaba ɗaya. Inda fensir ya rage, nan ne kwarin. Duwatsu masu laushi a ƙarasa su da lamba 400 sannan 600. Daga nan ka karkata dutsen ka ɗan kashe kaifin gefunansa huɗu, don gefe mai kaifi yana ɓantarar bakin aska. A wanke shi tas. Ƙwayar sanfefa ɗaya da ta maƙale a dutsen 8000 tana barin zane a baki.

Batun jiƙo ya danganta da dutsen. King lamba 1000 a bar shi a ruwa minti goma zuwa sha biyar, har kumfar iska ta daina tashi. Shapton da Naniwa yayyafi kawai suke so, dogon jiƙo yana sa wasunsu su tsattsage. A ɗora dutsen a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame.

Mataki na biyu: karanta askar

Ka riƙe ta baki yana kallon sama, ka haska tocilan waya kai-tsaye a kan bakin. Bakin da ya haɗu ba ya mayar da haske, ba za ka ga komai ba. Duk inda ka ga ɗigon ƙyalli, wurin ya dakushe ko ya ɓantare. Sai ka tsayar da bakin a hankali a kan gilashi ka leƙa: miƙaƙƙe ne, ko ya ɗan turo ciki a tsakiya, ko ya yi rami? Mai ciki ba aibu ba ce, da yawa haka aka ƙera su. Mai rami a tsakiya ciwo ce, tsohon washi a dutse mai kwari ko danna tsakiya ya jawo, kuma sai an gyara ta kafin a ci gaba.

Ka shafa maka a gefen bakin duka biyu, tun daga dunduniya har tsini. Ka yi sawu biyu ko uku a dutse ka duba. Inda tawada ta goge, dutse yana taɓawa. Inda ta rage, ba ya isa, komai yawan sawun da za ka yi da wannan salon hannu.

Salatif ɗaya a gadon baya yana kare shi daga cinyewa, musamman ga mai koyo da kuma askar da za ta daɗe a dutsen farko. Yana ƙara wa kusurwar baki wajen digiri ɗaya, abin da ma yake taimakon sitenles mai saurin tsattsagewa. Sharaɗinsa biyu: in ka fara da shi, da shi za ka gama har dutsen ƙarshe, kuma da shi za ka dawo duk ranar gyara, sannan a sauya shi da zarar ya cinye, da kuma duk lokacin da za a koma sabon dutse.

Mataki na uku: kafa baki a lamba 1000

A nan za a daɗe, domin kaifi a nan ake yin sa. Duwatsun da ke biye ba sa ƙirƙirar baki, zanen da na farko ya bari suke gogewa. Wanda ya tsallake zuwa 8000 da bakin da bai haɗu ba, zai samu dakusasshiyar aska mai ƙyalli.

In askar tana da tsohon leɓe, ka fara kashe shi: ka ja bakin sau ɗaya a gefen kofin gilashi, ba dannawa. Yanzu ba ta yanke gashi ko kaɗan, don haka duk kaifin da ya bayyana nan gaba na gaske ne.

Ka buɗe aska ta miƙe da mariƙinta, ka kama wuya da babban yatsa da manuni. Gadon baya ne ke fara sauka a dutse, sannan baki ya biyo a hankali. Ka tura ta baki a gaba, dunduniya tana ɗan jagora, kana jan ta a karkace yadda dunduniya za ta fara sauka daga gefen dutse, tsini ya ƙarasa tafiyar. In ka kai ƙarshe, kada ka ɗaga ta. Ka mirgina ta a kan gadon baya, baki ya bi ta sama ya sauka ɗaya gefen, ka dawo da irin wannan karkatar. Zuwa da dawowa suna zana harafin X a fuskar dutse, kuma shi ne sawu ɗaya. Mirginawa ta kan baki, ko sau ɗaya, tana rushe aikin minti goma.

Gwiwar hannu ta tashi daidai da dutsen. In ta yi ƙasa, tsini yana ɗagawa. In ta yi sama, tsini yana nutsewa. Ga aska mai ciki, sai ka riƙa tafiyar da nauyin hannu daga dunduniya zuwa tsakiya zuwa tsini a cikin kowane ja, gadon baya yana nan a manne.

A sawu ashirin zuwa talatin na farko an yarda da ɗan nauyi, gwargwadon na yatsa ɗaya, kuma ya karkata wajen baki, ba wajen gadon baya ba. Askar da aka rarake gefunanta sirara ce ƙwarai. In ka danna, ƙarfen yana lanƙwasa, ainihin bakin ya ɗaga daga dutse, kana ta cin bayansa kana ganin baƙin ruwa kana zaton aiki na tafiya. Bayan nan sai a yi ta rage nauyi har ya zama na askar kaɗai.

Idonka ya kasance a kan ruwan da ke gaban baki. Da farko za ka ga aska tana tura shi gaba, wani yana zillewa ta ƙarƙashinta. In baki ya fara haɗuwa, sai ruwan ya riƙa hawa kan askar ya bazu a gefenta. Ka lura ko yana hawa ko'ina, ko kuwa a tsakiya kawai. Dunduniya da tsini su ne ke zuwa a makare. In ruwan ya yi baƙi da dattin ƙarfe, a ɗauraye dutsen, don sitenles yana toshe fuskarsa ya rage masa ci.

Bayan kowane sawu ashirin a tsaya a gwada. Ka jiƙa farcen babban yatsa ka ja bakin a kai a hankali: in ya kama yana nutsewa sumul, ya haɗu, in ya zame, saura, in ka ji ƙaras, akwai ɓantara. Gwajin farce yana ɗan taɓa baki, don haka a wannan dutse kaɗai ake yin sa, a kuma bi shi da sawu goma. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne gashin hannu: askar ta aske shi a jikin fata ba tare da dannawa ba, a dunduniya, a tsakiya, a tsini, kowane da kansa. Wuri ɗaya ya gaza, ba a bar dutsen ba. Askar da ta dakushe kawai tana iya ɗaukar sawu sittin zuwa ɗari. Mai ɓantara tana iya cin awa guda, kuma ita ana ci gaba ne har madubi ya nuna ɓantarar ta fita ƙarƙaf. Mai rami kuma sai an ɗaga gadon baya an cinye dunduniya da tsini har bakin ya miƙe, sannan a kwantar da ita a sake kafa baki daga farko.

In ka shafa yatsa daga gadon baya zuwa baki ka ji wani ɗan kaushi a gefe ɗaya, leɓe ya fito. Ka ja askar da baya, gadon baya a gaba, sau biyu ko uku kowane gefe ba nauyi, sannan sawu goma na gaba marasa nauyi. Kada ka tafi da leɓe dutse na biyu.

Mataki na huɗu: dutsen tsakiya da na gogewa

A wanke aska da hannu, a sauya salatif. A lamba 3000 zuwa 5000, sawu talatin zuwa hamsin da nauyin askar kaɗai. Madubi ne alƙali: zurfafan zane na lamba 1000 su ɓace har zuwa can bakin, ba a tsakiyar gefen kawai ba. Dabara ɗaya mai amfani ita ce a sauya karkatar ja tsakanin dutse da dutse, yadda sabon zane zai gitta tsoho, sai a gane ko tsohon ya ƙare.

A lamba 8000 aski ya zo gaban goshi. Sawu ashirin zuwa talatin, hannu kamar na mai sa kwalli. Za ka ji askar ta fara mannewa dutse, sautin ya ragu. Alamar an isa ke nan. Wuce gona da iri a nan yana sirantar da baki har ya fara tsattsagewa, ka ga ƙananan giɓi a madubi. In hakan ta faru, a koma dutsen tsakiya sawu sha biyar, a ƙara salatif na biyu in ta sake yi. Mai lamba 12000 ya yi sawu sha biyar zuwa ashirin da ruwa mai tsabta.

Ana yawan maganar gwajin silin gashi, a riƙe shi a iska a sauke shi a kan baki ya tsinke. Yana da amfani, amma gashinmu murɗaɗɗe ne, ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, gashin roba na kitso kuwa ba abin gwaji ba ne. Abin dogaro shi ne askar ta kama kawunan gashin hannu a sama, ba ta taɓa fata ba.

Sitenles yana jin daɗin garin gogewa bayan dutse. Koren garin kuromiyam mai ƙwayar rabin maikuron (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ko man lu'ulu'u na rabin maikuron, a shafa ɗan kaɗan a wata fata dabam ko a sumul ɗin katako, har ana hango fatar ta ƙarƙashinsa. Sawu biyar zuwa goma, gadon baya a gaba, sun isa. Fiye da haka yana dunƙule baki. Koren sandan da masu goge ƙarfe ke sa wa injinsu ba shi ba ne, yawanci an gauraya shi da gari mai kaushi. A goge askar tas kafin ta hau fata mai tsabta.

Mataki na biyar: fata

Fata ba ta cin ƙarfe yadda dutse ke ci. Aikinta ta miƙar da siririn bakin da gashi ya karkatar, ta share dattinsa, ta sumulce shi. Fatar sa da aka jeme da bagaruwa, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ita ce daidai. Jar fatar akuya ta Sakkwato tana da kyau a jaka da takalmi, amma ta yi siriri tana miƙewa, sai dai a manna ta a katako. A kasuwar fata ta Mushin ana iya sa a yanko tsawon santimita 50 zuwa 60, faɗin 6 zuwa 7. A zaɓi wurin da babu tabo, babu jijiya, babu fenti mai ƙyalli. Baduku ya sa mata zobe a kai ɗaya da mariƙi a ɗayan. Bel ɗin wando mai ɗinki ko ƙira ba ya wannan aiki. A haɗa ta da tsirin yadi mai kauri, kanbas ko tsohon jins marar ɗinki, mai tsawo ɗaya.

A rataye ta daidai ƙugu, a ƙugiyar da ba za ta fizge ba. Ka ja ta ta miƙe, ba har tana rawa ba. In ta yi sako-sako, tana naɗowa kan baki ta dunƙule shi. A nan tafiyar akasin ta dutse ce: gadon baya a gaba, baki yana biye. Ka kwantar da aska, ka tafi, kafin ka kai ƙarshe ka fara mirgina ta a kan gadon baya tsakanin babban yatsa da manuni, wuyan hannu bai juya ba. Sai hannu ya riga ya kama hanyar dawowa sannan baki ya sauka. Mafi yawan yankan da ake gani a ƙarshen fata daga nan suke: baki ya sauka alhali hannu bai gama tafiyar farko ba. In fatar ba ta kai faɗin baki ba, a bi ta da harafin X.

Sauri na masu burgewa ne. Sawu ɗaya a daƙiƙa biyu ya wadatar. Sauti ya zama shuu mai laushi iri ɗaya a zuwa da dawowa. In ya yi tsini a gefe ɗaya, kana ɗaga gadon baya. Kafin kowane aski, sawu 20 zuwa 30 a yadi, 50 zuwa 60 a fata. Bayan sabon washi a kai 80 ko 100 a fata. Mai koyo ya fara da shimfiɗa fatar a gefen tebur, ko ya yi ta maimaitawa da askar da ba ta da baki.

In an ɗan yanke ta, a manne ɓallin da gam, in ya bushe a bi da sanfefa lamba 600, a goge sosai da ɗanyen tsumma. Tafin hannu mai tsabta da ake murza mata kafin aiki ya ishe ta mai. Manja da man gyaɗa suna sa ta danƙo da wari. Da damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, ɗanshin Legas yana sa ta funfuna, sai a rataye ta inda iska ke ratsawa, ba a jikin bango mai sanyi ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ƙwayar yashi ɗaya a fata tana zane baki, don haka a share ta kafin aska ta hau.

Gwajin fuska da abin da yake faɗa

A jiƙa gemu da ruwan ɗumi minti biyu zuwa uku, a sa kumfa mai ruwa-ruwa. A ja fata ta miƙe, gadon baya ya tashi daga fuska da kaurinsa ɗaya ko biyu kawai, a bi kwanciyar gashi. Mai murɗaɗɗen gemu kada a yi masa aski ta kishiyar kwanciya, gashin yana komawa cikin fata ya zama ƙurajen aski.

In tana ja tun daga farko, baki bai haɗu ba, a koma lamba 1000, kada a ɓata lokaci a fata. In ta fara da kyau ta mutu a rabin fuska, leɓe ne ya karye, ko ƙarfen ba shi da tauri. In tana yanka sosai amma fuska na raɗaɗi, zanen dutsen farko bai fita ba, ko garin lu'ulu'u ya yi yawa. Sawu goma a dutsen ƙarshe da sittin a fata sukan kwantar da ita. In ta fito daga dutse da kaifi ta dakushe bayan fata, laifin a hannun mai gugar yake: fata ta saki, ko an danna, ko an ɗaga gadon baya. In tsakiya na ci tsini ba ya ci, a dawo da maka a sake karanta ta.

Tsabta, tsatsa da lokacin komawa dutse

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Ga mai yi wa jama'a aski, abin da ya fi tsari shi ne kowa da askarsa, ko a yi amfani da mariƙin da ake sa wa sabuwar reza ga kowane mutum. Askar da za ta sake hawa wata fuska a wanke ta da sabulu da ruwa tukuna, sannan a tsoma bakin a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti goma. Fata tana shan abu kuma ba ta wankuwa, saboda haka aska mai tsabta kaɗai ke hawanta. Gugar aska a tafin hannu ko a fata ana tsakiyar aski, al'ada ce da ya kamata a bari. Alif ma a ɓantara wa kowa nasa.

Abu biyu da aka saba a shagunan aski suna kashe wannan aska. Ɗaya, kunna mata wuta: an daidaita taurin ƙarfen a zafin da bai wuce digiri 200 ba ko kusa, harshen wuta kuwa ya ninka haka sau da yawa, kuma siririn baki a daƙiƙa ɗaya yake ɗaukar zafi. Na biyu, jiƙa ta a ruwan bilic irin Jik ko Hypo: kulorin yana huda sitenles ya bar ƙananan ramuka, in suka faɗo a baki sai an cinye ƙarfe har a wuce su.

Gishiri ma haka yake yi mata. Sitenles jinkirin tsatsa yake da shi, ba rashin yi ba, kuma iskar Apapa, Ajegunle da Obalende gishirin teku take ɗauke da shi, ruwan rijiyar wasu unguwannin ma da ɗanɗanonsa. Ɗaurayar ƙarshe a yi da ruwan leda. A tsane askar da tishu daga gadon baya zuwa baki, a zura tishu cikin mariƙi, a bar ta a buɗe minti goma sha biyar. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a ƙusar da take juyawa, a shafa ragowar a jiki in za a ajiye ta kwanaki, a wanke kafin aski. Kada a jefa ta a zabira da danshi. Ƙananan ƙullin ƙwayoyin shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi suna da amfani a nan. Duwatsu kuma a inuwa suke bushewa, ba a rana ko kusa da janareto ba.

Askar mutum ɗaya da ake bi da fata kullum tana yin wata biyu zuwa uku kafin ta nemi dutse. In ta fara ɗan ja, a fara da sawu biyar a koren gari. In bai yi ba, sawu goma zuwa sha biyar a lamba 8000 ko 12000, da salatif in da shi aka wasa ta tun farko. Lamba 1000 ba a komawa gare shi sai baki ya ɓantare, ko askar ta faɗi, ko ta bugi bakin famfo wajen ɗauraya.